Kafin Ka Canza Madabod Ɗin Kwamfutarka, Tsaya Ka Ji

Yau hirarmu a kan kwamfutar tebur ce, irin wadda kamfani ya haɗa ya sayar a kammale, kamar tokunbo ɗin Dell da HP da suka cika kasuwanninmu.

Tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, matasa da yawa ke tambayata: "Kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11, in canza madabod kawai?" Dalilin ƙin shi ne Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana son furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama.

To, madabod shi ne babban allon da komai ke maƙale a jikinsa: furosesa, RAM, faifan ajiya da wayoyin wuta. Ni na taɓa wannan ganganci. Na tara kuɗi na sayo sabo, na dawo gida na buɗe akwatin, wallahi ramukan sukuru ma ba su yi daidai ba. Ƙarshenta sai da na ƙara sayen akwati da na'urar ba da wuta. Laifina ne, ban duba ba.

Ga abubuwa huɗu da za ka duba tukuna.

Na ɗaya, girma da siffa. Allunan kasuwa suna da ma'auni sananne: ATX milimita 305 da 244 ne, microATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Amma kwamfutocin ofis da yawa, musamman ƙananan nan, allonsu na musamman ne, an yanka shi don akwatinsu kaɗai.

Na biyu, wuta. Madabod na kasuwa yana karɓar fulogi mai fil 24. Wasu kwamfutocin Dell da HP kuwa mai fil 6 ko 8 suke da shi. Kada ka ce za ka tura da ƙarfi ko ka haɗa wayoyi da ka, ƙona allon za ka yi. Ko wayar maɓallin kunnawa sau da yawa tata daban ce.

Na uku, furosesa da RAM. Furosesan Intel na ƙarni na 4 yana zama a soket LGA1150 da RAM ɗin DDR3. Na ƙarni na 8 kuma LGA1151 da DDR4. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4. Kuma ka kula, allon ƙarni na 6 da na 7 shi ma LGA1151 ne, amma ba ya ɗaukar furosesan ƙarni na 8. Ka ga ke nan sabon allo zai ja maka sabon furosesa da sabon RAM.

Na huɗu, lasisi. Windows ɗin da ya zo da kwamfutar kamfani galibi a ɗaure yake da madabod ɗinta. Ka cire allon, lasisin ya bi shi.

Shawarata? In kwamfutarka nauyi kawai take yi, fara sa mata SSD ka ƙara RAM, za ka sha mamaki. In kuwa Windows 11 kake nema kuma allon na musamman ne, zauna ka yi lissafin allo, furosesa, RAM, akwati, wuta da lasisi. Sau da yawa gara ka sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi mai ƙarni na 8.

Wanda tasa ta dace da ma'aunin kasuwa, bismillah. Amma ka kwafe fayilolinka tukuna, ka zare fulogi daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allon, sannan ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire su.

Ku rubuto mana samfurin kwamfutarku a ƙasa, mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.