HAZBIYA A IDON YARA ƘANANA: DALILIN DAWOWARTA DA ABIN DA YA KAMATA A YI

Hazbiya ciwo ce wadda kusan kowane gida ya san ta. Wani ɗan ƙurji ne ja da ke fitowa a bakin fatar ido, wajen tushen gashin ido, ya kumbura, ya yi zafi. Bayan kwana biyu ko uku sai ya yi baki fari kamar ɗan maruru, sa'an nan ya fashe ya warke. Babban mutum in ta fito masa ba ya ko fasa zuwa gona. Amma akwai yara ƙanana masu tatata, 'yan shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda ba ta rabuwa da su. Ta warke a idon dama, bayan wata guda ta ɓullo a na hagu. A nan ne hankalin iyaye ya kan tashi, su shiga neman magani ko'ina, kuma wajen neman maganin nan ne a kan yi wa idon yaro ɓarnar da ita hazbiyar ba ta yi ba.

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san asalin ciwon da hanyar jiyyarsa, su kuwa su isar wa dagatai da masu unguwa, har labari ya kai cikin gidaje inda masu reno su ke.

Asalin Hazbiya

A bakin fatar ido akwai waɗansu 'yan ƙananan jakunkuna masu fid da maiƙo. Waɗansu suna gindin gashin ido, waɗansu kuwa suna jere a cikin fatar, kamar 20 zuwa 40 a kowace fata, bakinsu yana buɗewa daf da bayan gashin. Wani likitan Jamus mai suna Heinrich Meibom ya bayyana siffarsu tun cikin 1666. Aikin maiƙon nan shi ne ya shimfiɗu bisa ruwan hawaye don kada ido ya bushe da sauri.

Idan bakin ɗaya daga cikin jakunkunan nan ya toshe, maiƙo ya kan taru a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su hayayyafa, sai wurin ya yi mugunya. Hazbiya ke nan. Ƙwayar cutar da ta fi kawo ta likitoci suna kiranta Sitafilokokus, ita ce kuma mai kawo marurai a sauran jiki. Ba a ganinta sai da madubin likita. Tana zaune a bisa fata da cikin hanci, har ma kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi masa kome ba.

Saboda haka babu ruwan hazbiya da sammu ko kambun baka, ba ta kuma bin gari kamar ƙyanda. Galibi ta kan warke da kanta cikin mako ɗaya ko biyu.

Abin da Ya Sa Ta Ke Dawowa

Hazbiya guda ɗaya ba abin damuwa ba ce. Amma wadda ta ke dawowa sau uku sau huɗu a shekara, alama ce akwai wani abu a jikin yaron ko a gidan da bai gyaru ba. Abubuwa huɗu ya kamata a duba.

Na fari, hannun yaro. Mai tatata yana wasa a ƙasa, ya sa yatsa a hanci, ya shafi majina, sa'an nan ya murje ido da hannun nan in barci ya kama shi ko yana kuka. Ta haka ƙwayar cutar da ke hanci ta ke isa fatar ido kullum. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna ƙara wa ido ƙaiƙayi, susa kuwa ta ƙaru.

Na biyu, ciwon bakin fatar ido. Akwai yaran da in an duba su da safe za a ga bakin fatar idonsu ya yi ja, tushen gashin ya yi ɓawo-ɓawo kamar dusa, kwantsa ta manne shi. Wannan hali ya kan daɗe, shi ne ke toshe jakunkunan maiƙo ɗaya bayan ɗaya. Muddin ba a kula da shi ba, in wannan hazbiya ta fashe wata na tafe.

Na uku, kayan da a ke tarayya da su, babbansu kuwa kwalli. A gidaje da yawa tandu ɗaya ne da tsinke ɗaya, uwa ta sa, kishiya ta sa, a zizara wa yara duka. Garin kwalli yana sauka daidai kan bakin jakunkunan maiƙo, tsinken kuma yana ɗaukar ƙwayar cuta daga wannan ido zuwa wancan. Haka nan bakin zanen da a ke share wa yaro majina da shi, a juyo a share masa ido.

Na huɗu, abinci. Likitoci sun lura yaran da jikinsu ya gaza bitamin A sun fi yawan samun ƙullutu a fatar ido. Rashin bitamin ɗin nan shi ne kuma ke kawo dundumi, watau rashin gani in magariba ta yi. Lokacin yaye ne yaro ya fi shiga wannan hali, in an cire shi daga nono aka bar shi da koko tsura. Ana samun bitamin A a cikin manja, da hanta, da ƙwai, da man shanu, da zogale, da alayyafo, da karas, da gwanda, da mangwaro nunanne.

Gargaɗi a kan Kwalli

Akwai wani haɗari na kwalli wanda ya fi hazbiya nesa ba kusa ba. Kwallin dutse irin mai ƙyalli yawancinsa dalma ce. Cikin 2011 a birnin Boston na Amurka aka auna jinin wani jariri, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, aka tarar da dalma mai yawa a ciki. Da aka bincika sai aka ga daga kwallin da a ke sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro ya kan murje ido ya tsotsi yatsa, dalma ta shiga ciki, ta taru a hankali, ta rage masa jini da kaifin ƙwaƙwalwa. Mutanen Arewa sun ga aikin dalma a Zamfara cikin 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga ƙurar dutsen zinariya ne da a ke niƙawa a gidaje, ba daga kwalli ba, amma gubar iri ɗaya ce. Don haka abin da ya fi shi ne a daina sa wa yara ƙanana kwalli sam, masu hazbiya da marasa ita.

Jiyya a Gida

Maganin hazbiya na fari ba ya cin ko kwabo, ruwan ɗumi ne da tsumma mai tsabta. Ga yadda a ke yi:

1. Mai jiyya ta wanke hannunta da sabulu.

2. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce har ya zama mai ɗumi kawai. Ta gwada shi a bayan hannunta tukuna. Fatar idon yaro ba ta da kauri, ruwa mai zafi irin na wankan jego zai sale ta.

3. A tsoma tsumma, a matse, a ɗora bisa idon yana rufe, minti 5 zuwa 10. In ya huce a sake tsomawa.

4. A yi haka sau uku ko huɗu a yini. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare, ƙurjin ya nuna ya fashe da kansa.

5. In ya fashe, a goge mugunyar a hankali, a wanke tsumman da sabulu a shanya a rana. Kada wani ya yi amfani da shi.

Mai tatata ba ya son a riƙe shi. Dabarar ita ce a yi masa yana bisa cinya yana shan nono, ko ana yi masa wasa, ko barci ya fara ɗaukarsa. Minti biyu sau da yawa ya fi a danne shi da ƙarfi sau ɗaya.

Yaron da ta ke dawo masa, ba a barin kula don ƙurji ya warke. Kowace safiya a goge bakin fatar idonsa da tsumma mai ɗumi har ɓawon ya fita. A wanke masa fuska da hannu safe da yamma da bayan wasa, a yanke masa farce, a ware masa tsummansa shi kaɗai. Sai an yi makonni ana haka kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a gaji.

Abubuwan da Ba A Yi

Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a matse hazbiya, kada a tsokane ta da allura ko ƙaya, kada kuma a kai yaro wurin wanzami a yi mata sakiya. Matsi yana tura mugunya cikin nama, ƙaramin ƙurji ya zama kumburin fuska. Ga shi kuma yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya, fizga guda ta isa aska ta taɓa ƙwayar ido.

Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye, ko fitsari, ko ruwan sukari, ko toka, ko ragowar maganin wani. Irin waɗannan su kan ƙone baƙin ido ko su sa masa gyambo, in ya warke ya bar farin tabo wanda ke tare gani har tsufa. Haka nan kada a sayi maganin ɗigo a kemis ko a kasuwa da ka. Waɗansu suna da wani sinadari da a ke kira sitiroyid, wanda ke kwantar da ja nan da nan, amma yana iya ba cuta ƙarfi, in an daɗe ana sa shi kuma ya kawo hawan ruwan ido. Maganin shafawa na ido sai wanda malamin asibiti ya duba ya bayar.

Lokacin Zuwa Asibiti

A kai yaro asibiti a ranar, kada a kwana, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburi ya ci fatar ido duka ko ya gangaro kunci, ido ya rufe ba ya buɗuwa, zazzaɓi ya shiga, ƙwayar ido ta turo waje ko ba ta juyawa, yaro ya yi laushi ya ƙi nono da abinci. Waɗannan suna nuna cuta ta wuce fata ta nufi ramin ido, daga can kuwa tana iya ɓata gani ko ta kai ƙwaƙwalwa.

A kai shi kuma, ko da ba gaggawa, in an yi mako biyu ana gasawa ba ta warke ba, ko in ta dawo sau da yawa. Wani lokaci zafi ya kan tafi ya bar ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake a cikin fatar. Wannan maiƙo ne ya daskare, yana iya yin watanni kafin ya baje. In ya yi girma a fatar sama ya kan danne ido ya dushe gani, alhali kuwa idon yaro yana cikin koyon gani ne har wajen shekara bakwai. Likitan ido yana iya buɗe shi ta ciki ya fitar. Asibitin gari zai tura mai bukata gaba, zuwa irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano.

Har wa yau, kada a ɗauki kowane ciwon ido a ce hazbiya ce. Ita ƙurji ɗaya ce a wuri ɗaya. In yara da yawa a unguwa suna da ido ja, da kwantsa, ƙuda na bin fuskarsu, ana kuma samun manya waɗanda gashin idonsu ya juya ciki yana sukar ido, to, a yi zaton amosanin ido ne, wanda ke makantarwa. Wannan sai a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma. Ciwo ne da a ke iya kawarwa, gama cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar Gana ta fid da shi daga cikin cututtukan da ke damun jama'arta, wanke fuskar yara kuwa yana cikin manyan hanyoyin da aka bi.

Aikin Hakimai da Malamansu

Maganar ido ba ta shiga gida sai ta bakin wanda a ke jin maganarsa. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda ran da dagatai suka taru, dagatai kuma su karanta wa masu unguwa. A kira Sarkin Aska da ungozomomi a yi musu bayani da girmamawa, don su ne iyaye ke fara zuwa wurinsu. Wanzamin da ya ce wa uba, "Wannan ba na aska ba ne, a gasa da ruwan ɗumi," ya tsare idon yaro. A kuma sa mai shela ya tuna wa jama'a duk sa'ad da ma'aikatan lafiya suka zo ɗiga wa yara bitamin A, wanda a ke ba 'yan wata 6 zuwa shekara 5, bayan kowane wata shida.

Malaman hakimai da na dagatai suna da nasu taimako. In uba ya zo zai kai ɗansa asibiti, malami ya rubuta masa 'yar takarda mai abu huɗu: shekarun yaron, sau nawa hazbiya ta fito masa cikin shekara, a wane ido, da abin da aka riga aka sa masa. A ƙarfafa wa iyaye su faɗi gaskiya a kan na ƙarshen, su tafi da kwalbar ko tandun in akwai, gama malamin asibiti ba tuhumarsu zai yi ba, hanyar magani ya ke nema.

Taƙaitawa ga mai shela ita ce: a wanke fuskar yaro da hannunsa, a ajiye masa kwalli, a gasa hazbiya da ruwan ɗumi, kada a matse, kada a ɗiga kome, in kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya shiga a tafi asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya yara cikin lafiya, amin.