Yadda Ake Kula Da Kwikwiyo Da Ɗan Kyanwa A Watannin Farko

Jama'a, a ƙauyukanmu kare da kyanwa ma'aikata ne. Kare yana gadin gida da garke, yana raka mafarauci daji. Kyanwa kuwa ita ke hana ɓera ɓarna a rumbu. Amma sau da yawa za ka ga karya ta haifi 'ya'ya rututu, kafin wata uku saura ɗaya ko biyu. Wanda ya rayu kuma, idan ba a yi masa allura ba, yana iya jawo wa yaran gida mugun ciwo. Wata huɗun farko su ne masu wuya. Ga abin da ya kamata mai gida ya yi a cikinsu.

Nonon uwa

Kwikwiyo da ɗan kyanwa ana haihuwarsu ido a rufe. Sai bayan kwana 10 zuwa 14 suke buɗe shi. A lokacin nan ba su iya jure sanyi. A ware wa uwar wuri busasshe, a shimfiɗa mata buhu ko tsumma, musamman da hunturu. Nonon ranar farko, wato dakashi, shi ne garkuwar da ke tsare su daga cututtuka, don haka a tabbata kowanne ya sha. Daga mako 4 sai a soma ba su abinci mai laushi, kamar tuwo da aka dama da romo, da ɗan kifi ko nama marar ƙashi. Kada a cika su da madarar shanu, tana sa su zawo. Kada kuma a raba su da uwa sai sun cika mako 8.

Tsutsar ciki

Yawancin 'yan kwikwiyo suna samun tsutsa daga uwarsu, tun suna ciki ko ta nono. Ɗan kyanwa ma yana samu ta nono. Alamarta ita ce ƙaton ciki, rama, zawo da farin dasashi. Ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, ɗan kyanwa kuwa mako 3. Sai a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 har su kai wata 3. A ba uwar ita ma. Malamin dabbobi ne zai auna maganin daidai da nauyin dabbar. Ƙwan tsutsar nan yana fita a cikin kashi ya zauna a ƙasa, inda yara ke rarrafe. Saboda haka a riƙa kwashe kashin ana binnewa, yara kuma su wanke hannu kafin su ci abinci.

Allurar farko

Akwai wani ciwo da ke sa kwikwiyo amai da zawon jini mai wari, ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Yana yaɗuwa ta kashi. Ana yin allurar rigakafinsa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har zuwa wata 4. Ɗan kyanwa ma yana da tasa allurar, ana fara ta wajen mako 8. Kafin a gama alluran, kada a bar su suna yawo cikin karnuka da kyanwoyin gari.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi. Ɗan mitsitsin kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita, haka kyanwa.

Da zarar dabba ta cika wata 3, a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar haukan kare. A sake kowace shekara. A karɓi takardar shaida a adana. Ana yin wannan allura a nan Najeriya, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. Masana sun ce idan aka yi wa kare 7 cikin kowane 10 allura, ciwon zai daina yaɗuwa a gari.

Alamun ciwon su ne canjin hali, dalalar miyau, canjin haushi da cizon duk abin da ya gani. Wani karen kuwa shiru zai yi, baki a sake kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum, a wanke wurin nan take da sabulu, ana kwarara ruwa har minti 15. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, domin a fara allura. Kada a tsaya shafa magani a gida. Idan alamun hauka suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Dabbar kuwa, idan ta gida ce, a killace ta kwana 10, a sanar da malamin dabbobi.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a ba kyanwa Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kada a shafa wa dabba fiya-fiya ko baƙin mai don kaska, ƙuma ko ƙazwa, guba ne. Kaska a cire ta a hankali har da kanta, a jefa a kananzir. Kada a ba su maganin shanu ko tumaki da ka.

Mai karatu, ɗauki alƙalami ka rubuta ranar da aka haifi dabbarka. Ka lissafa mako 2, mako 6 da wata 3, ka yi alama a kalanda. Karanta wa maƙwabcinka mai kare wannan bayani, domin karensa da yaranka hanya ɗaya suke bi. Rigakafi dai ya fi magani.