Ruwan Sama da Radar Auna Gudun Jirgin Sama



Mota tana gane gudunta ne daga juyawar taya. Jirgin sama kuwa ba ya taka ƙasa, saboda haka sai aka nema masa wata dabara, watau rada irin ta Dofla. Ta ci sunan Christian Doppler ne, masanin ƙasar Ostiriya, wanda ya bayyana ƙa'idarta a 1842. Duk wanda ya lura da yadda kukan jirgin ƙasa yake sirancewa in yana tahowa, ya yi kauri in ya wuce, ya riga ya san wannan ƙa'ida.

Na'urar tana ƙarƙashin jirgi. Takan harba igiyoyin rediyo uku ko huɗu zuwa ƙasa a karkace, wasu gaba, wasu baya. In amsa-kuwwarsu ta dawo, sai ta auna canjin da aka samu a yawan kaɗawarsu, ta fitar da gudun jirgin da kuma yadda iska take kautar da shi.

Ruwan sama yakan kawo cikas ta hanya biyu. Ta farko, yakan shanye wani kashi na ƙarfin igiyar, a tafiya da dawowa, har amsar ƙasa ta raunana. Ta biyu ita ta fi haɗari: ɗigon ruwa shi ma yana mayar da amsa. Ɗigon da ya ninka wani a faɗi, amsarsa ta ninka ta wancan sau 64, shi ya sa mamako mai manyan ɗigo ya fi yayyafi ɓarna. Ƙasa a tsaye take, ruwa kuwa tafiya yake da iska. In amsar ruwa ta rinjayi ta ƙasa, sai na'ura ta auna gudun jirgi bisa ga abin da shi kansa tafiya yake yi. Matuƙi zai ga lamba lafiya lau, alhali kuwa kuskuren yana taruwa, har inda yake zato yake ya bambanta da inda yake.

Don haka maƙera sukan tsara na'urar yadda za ta rage sauraron amsar da ta fito daga kusa, kuma in amsar ƙasa ta ɓace, ta riƙe awon ƙarshe kafin ta dawo. A yau manyan jiragen fasinja sun koma ga taurarin ɗan'adam da wasu na'urori, amma jirage masu saukar ungulu da yawa, musamman na soja, suna amfani da ita, domin ba ta dogara da saƙon kowa daga waje ba.