"Na Gaishe Shi Bai Amsa Ba": Ƙaramin Fushi, Babbar Asara

A wannan fitowa za mu yi magana ne kan wata cuta wadda ba shanu take kamawa ba, masu shanun take kamawa, wato saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. "Na yi sallama bai ɗago kai ba." "An raba goro an tsallake ni." "Ya kira sunana gatsau, ko Alhaji babu." "Na buga masa waya bai ɗauka ba." Shi ke nan, sai ka ji mutum ya janye shanunsa daga hannun dillalin da suka yi shekara da shekaru tare.

To, mu dubi yadda sana'ar take. Sa ya taso daga ƙasar Damagaram, ya shigo Maigatari ranar Alhamis, a loda shi a tirela sai Badun ko Ikko. Kafin ya kai wuƙa ya bi ta hannun makiyayi, da dillali, da falke, da direba, da mai masauki, da mahauci. Galibi ba takarda, sai amana. A kurmi mahauci kan ɗauki sa bashi, mai masaukinka ne yake tsaya masa, domin shi ya san mai biya da mai taurin bashi. Idan ka yi fushi da shi don bai taso ya tarye ka ba, ka koma hannun wanda ba ka sani ba, shanunka za su tsaya suna cin dusa suna ramewa, ko a ba da su ga wanda ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mai kuɗi a ƙetare ba abin da ya tsare masa su sai zumunci.

Abin da muka lura shi ne, yawancin abin da ake kira raini ba raini ba ne, bambancin al'ada ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bafulatani ka miƙa masa abinci cikin jama'a ya ce ya ƙoshi, ba ƙyamarka yake yi ba, kunya ce irin tasu. Kai kuma da ka tambaye shi yawan garkensa, a wurinsa kai ne ka yi rashin ta-ido. Buzu shayinsa zagaye uku ne. Ka sha na fari ka miƙe, ka yanke masa hira. Babarbare da Balaraben Cadi sai sun gama jero gaisuwa kafin a taɓa zancen kuɗi. Mahaucin Bayarabe da ya girme ka ba ya son ka kira sunansa kai tsaye, Baba za ka ce. A Kumasi, mutanen Asante daga dama suke fara musabaha su bi layi zuwa hagu, ba ruwansu da inda attajiri ya zauna. Kai, ko Hausar ma ta bambanta: a Nijar "mushe" malamin makaranta ne, daga Faransanci aka aro, alhali a Kano dabba ce da ta mutu ba yanka.

Sannan mu tuna halin kara. Dillalin da ke tsakiyar ciniki, ga ƙura, ga kukan shanu, mai saye na tayawa, mai dabba na cewa albarka, ina ya ga kunnen jin sallamarka? Waya kuwa, a dajin iyaka sau da yawa ba ta shiga.

Wanda ya karanta Risala ya san fara sallama sunna ce, amsawa wajibi, amma idan mutum ɗaya cikin taro ya amsa ya ɗauke wa sauran. Ke nan in ka yi sallama a rumfa yaro ya amsa, Alhaji bai ci haƙƙinka ba. Kuma bai halatta a ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku ba.

Shawararmu ita ce: in abu ya sosa maka rai, bari kasuwa ta watse ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Ɗazu na gaishe ka." Sau tari za ka tarar bai ma san an yi ba. In ka ji nauyi, tura dattijo. Kada ka haɗa lissafin kuɗi da fushi. Wanda kake bi ka karɓa, wanda ke bin ka ka biya. In za ka sabuwar kasuwa, tambayi mai masaukinka yadda suke gaisuwa.

Cin amana, da ɓoye farashi don ƙarin la'ada, da sayar da dabba mai aibu ba a faɗa ba, waɗannan su ne laifi, a kawo su gaban shugabannin ƙungiya. Amma goro da kujera da kiran suna, haba 'yan'uwa! Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma baki ɗaya suke kwana.

Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya sa albarka a kasuwa, amin.