Masu Aikin Sa Kai da Ginin Majami'a a Ƙauye

Idan ikkilisiyar birni ta aika 'yan'uwa masu aikin sa kai su gina majami'a a ƙauye, tambayar farko ita ce: ginin na wane ne? In baƙi suka zo da siminti da kwano, suka gama su kaɗai suka tafi, masu bi na ƙauyen sukan ɗauke shi kayan baƙi. Ranar da iska ta yaye rufin, sai a zauna jiran masu shi.

Dubi Nehemiya sura 3. Firistoci sun gyara garun Urushalima, kowa daura da gidansa, Shallum kuma ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Aka gama cikin kwana 52 (Nehemiya 6:15).

Saboda haka, fasto, ka fara zama da dattawan ikkilisiya da dagaci, a rubuta takardar fili. A sa aikin bayan girbi, lokacin da manoma suke da sarari, tubali kuma zai bushe kafin damina. Matasa su buga tubali, zumuntar mata ta kula da ruwa da abinci, baƙi su koya wa 'yan gari gini. Wanda ya zuba guminsa a gayya ba ya barin katanga ta zube.