Asirin da Dangin Uwa Suka Tona Game da Kifin Angwila

Masuncin Kogin Kwara ko na Tafkin Chadi zai iya ƙare rayuwarsa a kan ruwa bai taɓa jawo angwila a komarsa ba. Kifi ne dogo mai santsi, in ka hango shi sai ka rantse maciji ne, kuma kada a rikita shi da gaiwa, don ba dangi ba ne na kusa. Akwai shi a kogunan Maroko da Masar, akwai shi a Mozambik da Madagaska, ga shi a Turai da gabashin Amurka da Japan da Indunusiya. Amma duk gaɓar Afirka ta Yamma babu shi, haka ma gaɓar yammacin nahiyar Amurka. Jinsunansa 16 ne aka sani. Guda 14 suna yankin Tekun Indiya da Fasifik, biyu kacal ne a Atlantika, wato na Turai da na Amurka. To ta ina waɗannan biyun suka bi suka ɓulla can, alhali babu 'yan'uwansu a kan hanya?

Dama can kifi ne mai wahalar da masana. A teku ake ƙyanƙyasarsa, ya fito fale-fale kamar ganye, igiyar ruwa ta ɗauke shi har bakin kogi, ya shiga ya yi shekaru goma ko fiye yana girma, sannan ya koma teku ya yi ƙwai ya mutu. Johannes Schmidt, ɗan ƙasar Denmak, ya shafe kusan shekara ashirin yana bin sawun 'ya'yan, duk inda ya ga sun fi ƙanƙanta sai ya nufi can, har a 1922 ya nuna cewa Tekun Sargaso ne mahaifar jinsunan Atlantika biyu. Na Japan kuwa sai a 1991 Katsumi Tsukamoto ya gano inda yake haihuwa, yamma da tsibiran Mariyana.

Masanan da, da ido da ƙirge suke rarrabe dangi. Vilhelm Ege, a babban aikinsa na 1939, ya dubi jerin haƙora, da inda fiffiken baya ya soma, da ko fatar tana da rodi-rodi ko ba ta da shi. Na Turai da na Amurka ma kamanninsu ɗaya, sai an ƙirga ƙashin baya: na Turai yana da gaɓoɓi wajen 115, na Amurka wajen 107. Aiki ne na haƙuri, sai dai kama da wane ba ta wane.

A nan mitokondiriya ta shigo. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kifi, da ta mutum ma, akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ke sarrafa abinci ya zama kuzari, su ne mitokondiriya. Suna da nasu DNA daban da wanda ke cibiyar ƙwayar, ɗan gajere ne, haruffansa ba su wuce dubu 16 da ɗoriya ba, ɗauke da ƙwayoyin gado 37. Daga uwa kaɗai ake gadonsa, ta cikin ƙwai. Na uba ba ya wucewa ga 'ya'ya, saboda haka ba ya cakuɗewa kamar sauran gado, yana tafiya ne daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika. Ka ɗauki misalin littafin da almajirai ke kwafewa da hannu. Wani ya yi kuskure a harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren ya ƙara da nasa. In ka tara kwafi ashirin ka bi kurakuran, za ka san wanne ya fito daga wanne, har ka yi kirdadon tsawon lokacin da suka rabu. Haka masana ke karanta wannan DNA.

A 2005 Yuki Minegishi da abokan aikinta a Japan suka karanta mitokondiriyar dukkan jinsunan da aka sani a lokacin, daga farko har ƙarshe. Abin da ya fito ya rushe lissafin da aka saba. Jinsin Mozambik, na kogunan gabashi da kudancin Afirka, shi ne ya fara ballewa daga sauran. Rodi-rodin fata da tsawon fiffike, waɗanda aka dogara da su shekara da shekaru, ba su bi layin dangantaka ba. Mafi ban mamaki, 'yan'uwan angwilar Turai da Amurka na kusa ba maƙwabtansu ba ne na Tekun Indiya. Na Ostireliya da Niyu Zilan ne, can ɗaya gefen duniya. Sun kuma ƙiyasta cewa rarrabuwar ta soma kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce. Game da hanyar shiga Atlantika, har yau ra'ayi biyu ne. Wasu sun ce ta tsohon tekun Tetis ne, wanda ya ratsa inda Gabas ta Tsakiya take yanzu kafin ƙasa ta toshe shi. Wasu sun ce ta mashigar ruwan Panama ce, kafin ta rufe wajen shekara miliyan 3 baya.

A ganina wani bincike na 2010 ya fi wannan armashi. Jun Inoue da tawagarsa suka faɗaɗa aikin zuwa jinsuna 56 na kifaye masu siffar maciji. Kowa zai zaci dangin angwila na kusa su ne masu kama da ita, waɗanda ke laɓewa cikin duwatsu da tabon bakin teku. Ina! Sai ga ta a tsakiyar wasu kifaye masu ban tsoro na can cikin zurfin teku inda haske ba ya kaiwa, wasu da baki siriri kamar na tsuntsu, wasu da baki kamar buhu. Ashe kakanninta mazauna tsakiyar teku ne, shiga kogi daga baya ta zo. Wannan ya ba doguwar tafiyarta ma'ana: kogi wurin kiwo ne kawai, haihuwa kuwa sai an koma gidan kakanni.

Sai dai wanda ya san dangin uwa kaɗai, rabin salsala ya sani. A Aisland an sami angwila 'yan ruwa biyu, haɗin na Turai da na Amurka, abin da John Avise ya ba da rahotonsa a 1990. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kusan dukansu uwa ta Turai ce, uba na Amurka. In da mitokondiriya kaɗai aka duba, da an wuce su a matsayin na Turai zalla, sai da aka haɗa da DNA na cibiya aka ga uban. Ko batun wanda ya fara ballewa ma, wani binciken 2001 da ya karanta yanki kaɗan na mitokondiriya jinsin Borniyo ya nuna, ba na Mozambik ba. Saboda haka in ka ga hoton bishiyar dangantaka a littafi, fara tambayar wane DNA aka karanta, kuma nawa aka karanta.

Avise ɗin nan, tun a 1986, ya gwada angwilar Amurka a tsawon gaɓar da ta kai kilomita 4,000, bai ga bambanci tsakanin ta arewa da ta kudu ba. Daga baya aka tabbatar da irin haka ga ta Turai. Wato ta Norwe da ta Maroko garke ɗaya ne, a Sargaso suke haɗuwa, kuma ɓarnar da aka yi a kogin wata ƙasa tana rage rabon kowa. 'Ya'yan da ke isowa gaɓar Turai sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun daga shekarun 1980, har Tarayyar Turai ta hana fitar da ita waje a 2010. Masu fasa-ƙwauri ba su daina ba, suna cusa 'ya'yan cikin akwatunan tafiya zuwa gonakin kifi na Asiya. Da zarar an feɗe kifin an gasa, ba mai ƙirga ƙashin bayansa, amma ɗan tsokan nama ya isa a karanta DNA. Da aka yi wannan gwaji a manyan kantunan Hong Kong, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna kashi 45 cikin ɗari na samfuran da aka saya angwilar Turai ce.