Daren Gishiri

Ƙarfe uku da wani abu na dare waya ta tashe ni. Daren Juma'a ne, wayewar 8 ga Agustan 2014, ana ɗan yayyafi, kuma babu wuta a unguwarmu ta Jahun a garin Bauchi. A shekarar nan, duk wanda wayarsa ta yi ƙara a irin wannan sa'a, gabansa kan faɗi tun bai duba sunan mai kira ba. Gwaggona ce daga Azare. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Ɗan nan, kun yi wankan?"

"Wane wanka, Gwaggo?"

"Innalillahi! Ashe ba ku ji ba. Maza tashi ka tayar da iyalinka. A ɗora ruwa a zuba gishiri, kowa ya yi wanka kafin kiran assalatu, ya kuma kurɓa. An ce cutar nan ta Legas a iska take tahowa. Har da jaririyar, ka ji ko? Bari in kira yayanka."

Kafin in ajiye wayar wani kiran ya shigo, bayansa saƙonni uku, duk magana ɗaya. Da na leƙa waje sai na tarar unguwa a farke. Hayaƙin icce na tashi daga gidaje, hasken tocila na yawo a lunguna, wasu samari na bubbuga ƙofar mai shagon bakin layi don ya fito ya sayar musu da gishiri. Yara na kuka an fizge su daga barci an tsoma a baho. Mu ma mun yi wankan. Maiɗakina ce ta hana a sha, ta ce ba za ta ɗura wa goyo ruwan gishiri ba ko da wa ya aiko.

Na sha jin masu cewa jahilci ne ya sa mutane yin haka. Ban yarda ba, don na san halin da ake ciki a makon. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar Ebola, ya mutu bayan kwana biyar, kuma cikin ma'aikatan asibitin da suka yi jinyarsa an riga an fara rasa rai. Likitocin gwamnati suna yajin aiki tun farkon Yuli. A ƙarshen Yuni bam ya tashi a Bayan Gari, nan cikin Bauchi, sannan ranar 23 ga Yuli aka kai harin Kaduna da aka nufi Sheikh Dahiru Bauchi da Janar Buhari. Cuta ce da aka ce ba ta da magani, a ƙasar da asibitocinta ke rufe rabi da rabi. A wannan hali aka ce maka ga kariya ta naira hamsin, kuma wadda ta faɗa maka ita ce ta goya ka. Farfesoshi sun yi wankan nan, malaman asibiti ma sun yi.

Da rana ta ɗaga ministan lafiya, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata. Amma aikin gama ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar daga baya cewa aƙalla mutum 2 sun mutu a Nijeriya saboda shan ruwan gishirin. Gwaggo mai hawan jini ce, kuma kofi biyu ta sha, don ta ce ita ce babba, ita ya kamata ta fi kowa kiyayewa. Kwana huɗu ta yi a wani asibitin kuɗi. Ebola kuwa ko kusa da Bauchi ba ta zo ba. Mutum 20 ta kama a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer ficewa daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar.

Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, ranar Asabar 13 ga Janairun 2018, mu a nan mun idar da magariba muna jiran isha'i cikin sanyin hunturu. A can tsibiran Hawaii na Amurka, tsakiyar tekun Pasifik, ƙarfe 8:07 ne na safe. A minti ɗaya wayoyin jihar suka ɗauki wata irin ƙara, saƙo ya bayyana da manyan baƙaƙe: makami mai linzami na tafe Hawaii, kowa ya nemi mafaka nan take, wannan ba atisaye ba ne. Rediyo da talabijin suka katse shirye-shiryensu suka maimaita.

Irin wannan saƙo ba ya buƙatar lambar kowa. Hukuma ce ke tura shi ga kamfanonin waya, su kuma turakunsu su watsa wa duk wayar da ke yankin, ta ɗan gari da ta baƙon da ya sauka jiya. Kusan shelar sanƙira ce, sai dai tana shiga aljihun kowa a lokaci guda. Mutanen Hawaii kuma ba su da dalilin yin shakka. A ƙarshen Nuwamban 2017 Koriya ta Arewa ta gwada makamin da ta ce zai iya kai wa ko'ina a Amurka, Kim Jong Un da Donald Trump suna ta musayar barazana, kuma a Disamba jihar ta dawo da gwajin jiniyar harin nukiliya wadda aka daina tun ƙarshen yaƙin cacar baka. An riga an gaya musu cewa makamin zai yi kamar minti 20 a hanya, abin da zai rage musu bayan sanarwa bai wuce minti 15 ba. Ga Pearl Harbor a gefensu, inda jiragen Japan suka yi musu dirar mikiya da safiyar Lahadi a 1941.

Me mutum zai yi da minti 15? Iyaye sun kwantar da 'ya'yansu cikin bahon wanka sun rufa musu katifa. An ga hoton bidiyon wani mutum yana zura ƙaramar yarinya cikin ramin magudanar ruwa ta ƙarƙashin titi. Ɗaliban jami'a sun fito daga ɗakunan kwanansu a guje suna neman gini mai kaurin bango. A otal-otal na bakin teku an tura baƙi ɗakunan ƙasa. Wasu direbobi sun tsayar da motocinsu cikin hanyar da ta ratsa dutse, suna jira. Mafi yawa kuwa waya suka ɗauka, kamar yadda Gwaggo ta yi. Suka kira uwa, suka kira ɗa, suka yi bankwana, suka nemi gafara, har layuka suka cushe kira ya daina shiga. Wani magidanci ya samu bugun zuciya jim kaɗan bayan ya yi sallama da 'ya'yansa, da ƙyar aka ceto ransa.

Babu wani makami. Abin da ya faru, ya faru ne a wani ɗaki na hukumar agajin gaggawa ta jihar, cikin ramin mataccen dutse mai aman wuta da ake kira Diamond Head. Masu aikin dare na shirin miƙa wa na safe, sai shugaban na dare ya shirya musu gwajin ba-zata. Ya bugo waya kamar daga rundunar soja, aka saka muryar da aka naɗa. Farkonta da ƙarshenta an ce atisaye ne har sau uku, amma a tsakiya an saka jimlar da ke cewa wannan ba atisaye ba ne. Sauran ma'aikatan sun gane gwaji ne. Wanda ke zaune gaban kwamfutar ya ce shi tsakiyar kawai ya ji. Ya zaɓi saƙon gaske, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e.

Cikin minti uku manyan hukumar sun tabbatar daga wajen soja cewa sararin sama fayau yake. Amma saƙon gyara bai shiga wayoyin jama'a ba sai 8:45. Minti 38. Wannan gibin ne ya fi ci min rai a labarin, don dalilinsa ƙarami ne ƙwarai: an tanadi saƙon da zai ce ku gudu, ba a taɓa tanadar wanda zai ce mun yi kuskure ba. Sai da aka zauna aka rubuta shi, aka kuma tsaya tuntuɓar hukumar tarayya. 'Yar majalisa Tulsi Gabbard ta riga su, ta rubuta a Twitter da 8:19 cewa ƙarya ce. Gwamna David Ige ya san gaskiya tun mintunan farko, amma nasa saƙon ya makara, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa bai san kalmar sirrin shafinsa na Twitter ba. Wanda ke kwance cikin baho da 'ya'yansa, ina ya ga ta duba Twitter?

Mutane sun fusata, kuma fushinsu na kan hanya. Wasu sun wuce gona da iri har suna yi wa ma'aikacin barazanar kisa. Amma a ranar, kafin rana ta faɗi, gwamna da shugaban hukumar, Vern Miyagi, tsohon janar na soja, sun tsaya gaban 'yan jarida. Miyagi ya ce alhakin a wuyansa yake. Hukumar sadarwa ta tarayya ta yi bincike ta fitar da shi fili, minti bayan minti, har aka gano cewa ma'aikacin ya taɓa rikita gwaji da gaske a baya aka bar shi a kan kujerar. Ranar 30 ga Janairu Miyagi ya ajiye aiki, ma'aikacin kuwa an riga an sallame shi. Aka kafa doka cewa sai mutum biyu sun amince kafin saƙo ya fita, aka kuma ajiye saƙon janyewa a shirye. Kwana uku kacal bayan na Hawaii, gidan talabijin na NHK a Japan ya yi irin wannan kuskuren, ya gyara cikin 'yan mintuna.

Da na karanta wannan sai na tuna darenmu. Tsoron iri ɗaya ne, son 'yan uwa iri ɗaya, hannu na rawa kan waya iri ɗaya. Inda muka rabu shi ne saƙon Hawaii yana da mai shi. Akwai ƙofar da za a je a buga, akwai fuskar da za ta sunkuyar da kai. Namu saƙon "an ce" ne ya aiko shi, kuma "an ce" ba ya dawowa ya ba da haƙuri. Kakanninmu a cikin ganuwar nan ta Bauchi sun san wannan. Idan sanƙira ya zaga da shela, kowa ya san daga fada take, an san gidansa, kuma idan magana ta sauya shi ɗin ne zai sake zagawa. Yau kowane gida a Bauchi da waya, daga Yelwa har Fadaman Mada. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna suna fitar da gargaɗin ambaliya duk shekara, har da sunayen ƙananan hukumomi. Amma kafin ya iso ga mai gona a bakin kogin Jama'are, ya bi ta hannu goma, ya gauraya da saƙon "tura wa mutum ashirin" da na masu cewa ka ci kyautar miliyan. Ni ina son ranar da wayata za ta yi ƙara da tsakar dare in san tabbas hukuma ce, ko da wata rana za ta yi kuskure, muddin za ta dawo ta wannan hanyar ta ce ta yi.

A daren gishiri, da babu hukumar da za ta ɗauki laifin, Gwaggo ce ta ɗauka. Babu wanda ya ɗora mata. Da na je duba ta a asibiti, ledar ruwa na rataye a kanta, ta kau da fuska ta ce, "Ɗan nan, ku yafe ni. Da jaririyar nan ta sha fa?" Na ce mata ƙauna ce ta sa ta kira, ta yi shiru. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran kowa da dare ba.

A Satumban 2024, jikar Gwaggo da ke aure a Gwange cikin Maiduguri tana da yara uku. Da daren 9 ga wata wata maƙwabciyar Gwaggo ta shigo ta ce mata ta ji ana cewa madatsar Alau da ke kusa da Maiduguri ta cika ta fara ɓallewa. Gwaggo ta ɗauko wayarta, ta sa aka nemo mata lambar yarinyar. Ta daɗe riƙe da ita a hannu. Sai ta ce a bari gari ya waye a tabbatar, kada ta sake tayar wa mutane da hankali a banza. Kafin wayewar garin ruwa ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Kwana biyu wayar yarinyar ba ta shiga. A rana ta uku aka same ta a sansanin Bakassi, ita da yaran duka, da zanen da ke jikinta kawai.

Ni na kai wa Gwaggo labarin har Azare. Na same ta kan sallaya, wayar na gefenta a kan tabarma. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta dube ni.

"Na riƙe wayar nan fa, ɗan nan," ta ce. "Wallahi na riƙe ta."